Tarihin Kalmomin Takarda da Ɗab'i a Harshen Hausa

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bi sawun kalmomin da Hausawa suke amfani da su wajen ambaton takarda da kayan rubutu da sana'ar ɗab'i, mu ga inda kowace ta fito, da lokacin da ta shigo, da kuma abin da shigowarta yake nuna mana game da tarihin ilmi a ƙasar Hausa. Masana sun daɗe da lura cewa kalmar aro takan zo ne tare da kayan da take suna, kuma takan riƙe alamar hanyar da ta biyo. Saboda haka wanda ya tona asalin kalmomi irin su takarda da tawada da maɗaba'a, to tarihin fatauci da na makaranta da na mulki yake tonawa.

Za mu nuna cewa kalmomin nan hawa uku ne. Hawa na farko shi ne na zamanin rubutun hannu, wanda ya ƙetaro Hamada. Na biyu shi ne na zamanin boko, daga zuwan Turawa har zuwa 'yan shekaru bayan samun mulkin kai. Na uku shi ne na zamanin injunan da ake aiki da su a yau. Abin da ya dame mu shi ne, hawan farko ya zauna daram a cikin harshe, na biyu ya zauna rabi da rabi, na uku kuwa har yanzu baƙo ne. Dalilin wannan bambanci shi muke son mu fito da shi.

2.0 Yadda Takarda ta Iso Ƙasar Hausa

A ƙasar Sin aka fara yin takarda, kuma tarihin ƙasar yana danganta kyautata aikin ga wani ma'aikacin fada mai suna Tsai Lun a shekarar 105 Miladiyya. Ruwayar da ta shahara ita ce Musulmi sun koyi sana'ar daga fursunonin yaƙin Talas na shekarar 751, daga nan Samarƙandu ta yi suna da ita. Wajen shekarar 794, zamanin Halifa Haruna Rashid, an kafa masana'antar takarda a Bagadaza. Sana'ar ta bi ta Sham da Masar da Magrib har ta kai Andalus, inda garin Shaɗiba ya shahara da ita a ƙarni na 12. Daga Andalus da Sisiliya ne Turai ta koya. A ƙarni na 13 mutanen garin Fabiriyano na Italiya suka ƙware, kuma su ne suka fito da dabarar sanya tambari a cikin jikin takarda tun tana jiƙe, tambarin da ba a ganinsa sai an ɗaga ta an duba a haske. Sannu a hankali takardar Italiya ta kashe kasuwar ta ƙasashen Larabawa, har ya zama waɗanda suka koyar su ne suka koma masu saye.

A nan ƙasar Hausa kuwa, littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385), da zuwan Fulani da littattafan tauhidi da lugga a zamanin Yakubu (1452 zuwa 1463), sa'an nan ga zuwan Shehu Magili a zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499). Duk inda littafi ya sauka, bukatar takarda ta sauka, domin ɗalibi ba ya mallakar littafi sai ya kwafe shi da hannunsa ko ya biya an kwafa masa. Bukatar ta ninka a ƙarni na 19, lokacin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello da 'yarsa Nana Asma'u suka yi ta talifi, ga kuma wasiƙun mulki da suke kai da komo tsakanin Sakkwato da sauran garuruwan daula.

Takardar da aka yi wannan aiki da ita shigo da ita aka yi. Mafi yawanta ta fito ne daga masana'antun arewa maso gabashin Italiya, kusa da birnin Banis, musamman na gidan Andrea Galvani. Tambarinta jinjirin wata guda uku ne a jere, shi ya sa 'yan kasuwar bakin Bahar Rum suke kiranta tre lune, watau wata uku. Daga Turabulus raƙuma suke ɗauko ta, wasu su bi ta Gadamus da Gat da Agadas zuwa Kano, wasu su bi ta Murzuk da Bilma zuwa Barno. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a shekarar 1851, ya tarar da ita jingim a kasuwa, ya kuma lura cewa da ita ake naɗe tufafin da aka rina kafin a fita da su. Wannan batu na shigowa daga waje yana da muhimmanci ga abin da za mu faɗa nan gaba. Bahaushe ya san takarda a matsayin haja, bai san ta a matsayin abin da ake sarrafawa ba, don haka harshensa ya tanadi kalmomin saye da yanka da rubutu, bai tanadi na jiƙa tsumma da dakawa da tacewa da shanyawa ba.

3.0 Hawa na Farko: Kalmomin Zamanin Rubutun Hannu

3.1 Takarda da tawada

Mai karatu zai yi tsammanin kalmar takarda daga Larabci ta zo kai tsaye, tun da addini ne ya kawo rubutu. Abin ba haka yake ba. Larabawa suna cewa waraƙ, ko ƙirɗas, ko kagad. Ita takarda daga bakin Abzinawa muka karɓe ta, su kuma kakanninsu Barbar na Afirka ta Arewa sun aro ta daga Latinanci, inda karta take nufin fallen da ake rubutu a kai. Romawa ma aro suka yi daga Girkanci, kuma daga wannan tushe na Girkanci ne Larabci ya sami ƙirɗas. Gaɓar ta da ke farkon kalmar alamar jinsin mace ce a harsunan Barbar, irin wadda muke gani a takobi. Ashe ke nan takarda da kati, wanda muka aro daga Ingilishi daga baya, 'yan gida ɗaya ne da suka iso mana ta hanyoyi biyu, ɗaya a kan raƙumi, ɗaya a jirgin ruwa.

Tawada ma wannan hanya ta biyo. Asalinta dawat ne na Larabci, wanda yake nufin gidan da ake zuba ruwan rubutu. Barbar suka ɗora mata ta a gaba, ta iso mana a matsayin tadawa, kuma har yau akwai masu faɗin haka. Daga baya gaɓoɓin suka yi musanyar wuri aka sami tawada. Ma'anar ma ta gusa daga mazubi zuwa abin da aka zuba, shi kuwa mazubin muka ba shi suna na gida, watau kurtu, ɗan ƙaramin duma da ake fafewa. Barebari kuwa kalmarsu ta takarda daga kagad ta samo asali, abin da yake nuna cewa ba ta ƙofa ɗaya hajar ta shigo Sudan ta Tsakiya ba. Daga wajenmu kuma kalmomin suka gangara kudu, domin Yarabawa suna da takada da tadawa, waɗanda suka karɓa daga Hausa.

3.2 Karatu, rubutu da littafi

A wata maƙala da Joseph Greenberg ya fitar a shekarar 1960, ya kawo hujjar cewa karatu da rubutu ta hannun Barebari suka shigo Hausa, ko da yake tushen karatu Balarabe ne. Wannan ya dace da abin da kowa ya sani na zuwan almajirai gabas neman Alƙur'ani. Littafi kuwa daga alkitab yake. An yar da wasalin farko, bi ta koma fa, sa'an nan kaf ta narke a cikin ta. Irin wannan yar da wasali shi muke gani a liman da ladan da lahira da laifi, waɗanda alama ta nuna ta baka aka karɓe su tun da daɗewa. Alƙalami da allo sun riƙe al ɗinsu. Wasu kuma, kamar su babi da fasali da harafi da wasali da shafi da sadara da warƙa da juzu'i da mujalladi, malamai ne suka tsamo su daga cikin littattafai, shi ya sa suka fi kusa da siffarsu ta Larabci. Mujalladi daga jild yake, watau fata, domin da fata ake suturta littafi.

3.3 Kalmomin gida

Inda abin ya fi ban sha'awa shi ne wurin da sana'ar ta shiga hannun Bahaushe. Alƙalami dai baƙo ne, amma da karan gamba ko sillen karan dawa ake yinsa, a fiƙe shi, a tsaga bakinsa. Tawadar allo da gawayi ko kunkunniya da ƙaro ake haɗa ta, don ta wanku. Ta takarda kuwa da 'ya'yan bagaruwa da kashin maƙera ake dafa ta, don ta kama ta daɗe. Littafin da aka gama ba a ɗinke shi. Falle-falle ake barinsa, a rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a gindin wadda ta gabata don kada jerin ya rikice, a sa shi tsakanin tadarishi, a ɗaure, a zura a gafaka wadda baduku ya ɗinka. Adon da ake yi wa allon sauka da farkon izu shi ne zayyana. Tarin takardun da malami yake adana fa'idojinsa a ciki shi ne kundi.

Har ila yau, harafin da ba wasali ba mun kira shi baƙi, jam'insa baƙaƙe. Wanda ya taɓa buɗe Alƙur'ani rubutun hannu ya ga dalili, domin da baƙar tawada ake rubuta gangar jikin kalma, a zo da ja a yi mata wasulla. Daga nan makarantar allo ta sami babbaƙu da farfaru, matakan farko na koyon karatu. Duk waɗannan kalmomi sun zauna ne saboda mai haɗa tawada da mai fiƙe alƙalami da magwajin rubutu da baduku duka da Hausa suke magana a bakin aikinsu, da ita kuma suke koya wa yaransu.

4.0 Hawa na Biyu: Zamanin Boko da Maɗaba'a

4.1 Ɗab'in Hausa kafin maɗaba'ar gida

Wajen shekarar 1450 ne Gutenberg ya fito da ɗab'i da haruffan dalma masu tsayawa ɗai-ɗai a garin Mainz na Jamus. Duniyar Musulmi ta jima ba ta rungumi abin ba. Maɗaba'ar Ibrahim Mutafarriƙa ta Istambul ta fitar da littafinta na farko a 1729, ta Bulaƙ a Masar ta fara aiki a farkon shekarun 1820, ɗab'in dutse kuma ya fara a Fas a 1865. A ƙasar da ta zama Nijeriya, 'yan mishan ne suka kafa maɗaba'a a Kalaba a 1846, sa'an nan Henry Townsend ya fara buga jaridar Iwe Irohin a Abekuta a 1859.

Hausa kuwa a Turai aka fara buga ta. J. F. Schön ya fitar da jerin kalmomi a 1843, nahawu a 1862, ƙamus a 1876, da Magana Hausa a 1885, kuma ya dogara ƙwarai da Dorugu, yaron da Barth ya tafi da shi Ingila. C. H. Robinson ya buga waƙoƙin ajami tare da hoton rubutunsu a Kambirij a 1896. Tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tara an buga su a Belfas tsakanin 1911 da 1913. Ma'aikatan da suka jera haruffan waɗannan littattafai ba su jin Hausa, saboda haka aikin bai haifar mana da kalmar sana'a ko ɗaya ba. A shekarar 1911 ɗin nan ne kuma jirgin ƙasa ya iso Kano, Italiya ta auka wa Turabulus, fataucin Hamada ya yi rauni, takarda ta koma shigowa ta bakin teku tare da sunayenta na Ingilishi.

Ya kamata mu tsaya kaɗan a kan kalmar boko kanta. An daɗe ana koyar da cewa daga kalmar Ingilishi mai nufin littafi aka aro ta. Paul Newman, a wani nazari da ya fitar a 2013, ya nuna cewa kalmar ta gida ce, tana nufin algus ko abin da ba na gaske ba, kamar yadda ake cewa amaryar boko. Ke nan sunan da kakanninmu suka raɗa wa rubutun Turawa hukunci ne suka yanke masa.

4.2 Zariya da ma'aikatanta

Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. An kafa Hukumar Fassara a 1929, ta zama Hukumar Talifi a 1933 a ƙarƙashin Dokta Rupert East a Zariya. Gasar da ta shirya a wannan shekara ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. A watan Janairu na 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito, Malam Abubakar Imam yana editanta. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur. Hukumar NORLA ta yi aiki a shekarun 1950 har aka rufe ta a 1959, sa'an nan kamfanin NNPC ya zo a 1966 da haɗin gwiwar Gaskiya da Macmillan.

Mutanen da suka yi wannan aiki yawancinsu sun yi karatun allo da na littattafai kafin su shiga boko, don haka da suka bukaci sabuwar kalma, rijiya biyu suka nufa. Ta farko Larabci. Daga can suka ɗebo ɗab'i da maɗaba'a da jarida da mujalla da talifi da wallafa. Tushen ɗab'i a Larabci yana nufin danna hatimi a kan abu har ya bar gurbi, kuma daga gare shi ne ɗabi'a ta fito, watau halin da aka danna wa mutum. Rijiya ta biyu ita ce Hausa kanta. Kalmar buga ta riga ta saba da aikin dannawa, domin ana buga hatimi a kan wasiƙar sarki, ana kuma buga rinannen tufa a mabuga har ya yi ƙyalli. Sai aka ce buga littafi, bugu na farko, bugu na biyu. Bango, wanda aka sani a jikin ɗaki, ya zama suturar littafi. Na'urar rubutu ta zama keken rubutu, bisa misalin keken ɗinki, ko da yake tafireta ta zo ta zauna tare da ita. Na'urar da ake juyawa da hannu tana fitar da kwafi ta zama injin gurza takarda. Kundi ya tashi daga buzun malami ya shiga jami'a da majalisa, aka sami kundin digiri da kundin tsarin mulki. Daga baya malaman jami'a suka ƙaro sadaukarwa da ƙunshiya da rataye da manazarta da fihirisa.

4.3 Haruffa masu ƙugiya

Matsalar ɓ da ɗ da ƙ matsala ce ta maɗaba'a tun asali. Akwatin haruffan da aka ƙera don Ingilishi ba shi da su, shi ya sa marubutan farko suka yi ta dabara da ɗigo a ƙarƙashin harafi ko waƙafi a gefensa, kamar yadda ake gani a ƙamusun Bargery na 1934. A shekarun 1930 ne aka tsayar da masu ƙugiya, bisa shawarar masanin harsuna Diedrich Westermann, kuma sai da aka ƙera musu dalma ta musamman. Taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 sun yi ƙoƙarin daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar, amma har yau Nijar tana rubuta ƴ inda Nijeriya take rubuta 'y. Tsarin Unicode ya tanadi dukkan waɗannan haruffa, saboda haka uzurin rashin dalma ya ƙare. Duk da haka littattafai da yawa suna fitowa babu ƙugiya, har mai karatu ya rasa ko kafa ake nufi ko ƙafa, ko baki ko baƙi.

4.4 Ɗab'in ajami

Akwai wani reshe na tarihin nan da ba a cika kula da shi ba. Makarantan Alƙur'ani na ƙasar Hausa da ruwayar Warshu da rubutun Magrib suka saba, don haka haruffan dalma na Masar ba su kwanta musu ba. Abin da ya warware matsalar shi ne ɗab'in hoto, jikan ɗab'in dutse wanda Alois Senefelder ya ƙago a ƙarshen ƙarni na 18. Gwani ya rubuta da alƙalaminsa na kara, a ɗauki hoton shafin, a juya shi a kan faranti, a buga dubbai. Da wannan dabara Kano da Zariya suka cika kasuwa da littattafan fiƙihu da waƙoƙin wa'azi tun daga tsakiyar ƙarni na 20, galibi falle-falle kamar na da. Marigayi Sharif Bala na Gabari a Kano ya yi suna da Alƙur'anan da ya rubuta aka buga ta wannan hanya, kuma kamfanin Triumph na Kano ya fitar da jaridar ajami mai suna Alfijir a shekarun 1980. A wannan reshe tsofaffin kalmomi ba su mutu ba, domin injin ne ya bi alƙalami.

5.0 Hawa na Uku: Cikin Ɗakin Inji

Idan muka duba kalmomin hawa na biyu da kyau, za mu ga kusan dukkansu na marubuci ne da edita da mai karatu. Suna ambaton abin da ake gani bayan littafi ya fito. Da zarar an tsallaka ƙofar ɗakin inji sai harshe ya sauya. A maɗaba'un Kano da Kaduna da Zariya abin da kunne yake ji shi ne filet da fim da rim da kala da bayindin da laminetin da fosta da sitika. Inji da sunan kamfaninsa ake kiransa, kamar Kord na kamfanin Heidelberg da Gestetner. Girman takarda da lamba ake faɗarsa, kamar A4 mai faɗin milimita 210 da tsawon 297, ma'aunin da Jamus ta tsara a 1922, duniya ta karɓa a 1975. Kaurinta da giram ake auna shi, watau nauyin murabba'in mita ɗaya. Shi rim, ƙunshin falle 500, asalinsa rizma ne na Larabci, wanda ya bi ta Andalus ya shiga harsunan Turai, ya zagayo ya same mu da rigar Ingilishi.

Dalilan wannan hali uku ne a ganinmu. Na farko, injin da littafin koyon sarrafa shi da kayan gyaransa duka daga waje suke, kuma sana'ar ta girmi Arewa da kusan ƙarni guda a Kudu, don haka da Ingilishi aka koyar da ita. Na biyu, ba a taɓa samun masana'antar takarda da ta yi ƙarko ta tara ma'aikata masu jin Hausa ba. Ta Jebba ta fara aiki a 1969, ta Oku Iboku mai yin takardar jarida a 1986, ga kuma ta Iwopin, amma duka sun durƙushe a shekarun 1990. Na uku, hukumomin da suka yi aikin ƙirƙirar kalmomi ba su leƙa ɗakin inji sosai ba. Hukumar Kula da Harshen Hausa ta 1955 ta fi mai da hankali ga ƙa'idojin rubutu da kalmomin aro na yau da kullum. Ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 na nazarin harshe ne da adabi. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 kuwa na gama-gari ne.

Aro ba laifi ba ne, domin mun ga takarda da tawada ma aro ne. Illar tana wajen rikicewar ma'ana. Wallafa asalinta tsara littafi ne, mawallafi kuma shi ne wanda ya tsara. Yau ana kiran kamfanin da ya ɗauki nauyin fitar da littafi mawallafi, ana kiran marubuci mawallafi, wani lokaci har mai inji. Alhali aiki uku ne daban, kuma haƙƙin kowanne daban ne a shari'a. Marubutan adabin kasuwar Kano, waɗanda tun tsakiyar shekarun 1980 suke kai rubutunsu maɗaba'a da kuɗin aljihunsu, su suka fi kowa bukatar a rarrabe waɗannan sunaye, domin yarjejeniyar da ba a san wane ne wane a cikinta ba rigima ce ake ajiyewa. Haka nan launuka huɗu da inji yake haɗawa. In aka ce shuɗi da ja da rawaya da baƙi an kusanta, amma shuɗin ɗab'i ba na baba ba ne, jansa kuma ya karkata zuwa shunayya. A kwalejojin ilmi muna ganin sakamakon wannan giɓi, inda ɗalibin da zai koyar da Hausa yake iya bayyana sassan gafaka da tadarishi, amma ya kasa bayyana da Hausa yadda aka yi littafin da ke hannunsa.

6.0 Kammalawa

Mun bi kalmomin takarda da ɗab'i daga Hamada zuwa Zariya, daga Zariya zuwa ɗakin injin yau. Abin da tarihin ya nuna shi ne kalma tana zama ne a inda masu sana'a suke aiki da harshen, ko ta gida ce ko ta aro. Saboda haka muna ba da shawara uku. Ta farko, sassan Hausa na jami'o'i da kwalejoji su tura ɗalibai maɗaba'u da wuraren masu rubutun Alƙur'ani da dukawa, su tattaro kalmomin da ake faɗa a bakin aiki, tun tsofaffin da suka yi zamani da haruffan dalma suna raye. Ta biyu, kalmar aro da ta riga ta kama baki, irin su rim da filet, a daidaita rubutunta a shigar da ita ƙamus, kada a ɓata lokaci wajen ƙaga mata kishiya. Ta uku, a tsayar da marubuci ga mai rubutu, mawallafi ga mai ɗaukar nauyin fitarwa, mai ɗab'i ga mai inji, a kuma yi wannan aiki tare da 'yan'uwanmu na Nijar don kada a sake samun hanya biyu. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma abin da magabata suka bar mana na kalmomi ya isa a soma da shi.